Ma'aikata sun watse, aiki bai ƙare ba: wa ke ɗaukar asarar?

Daga watan Yulin 2023 zuwa yau, masu aiki a furoje-furoje da shantiye na Nijar sun ji maganganu iri-iri daga bakin shugabanninsu. Wasu an ce musu an dakatar da aiki sai abin da hali ya yi. Wasu an ce kwantaraginsu ya ƙare, ba za a sabunta ba. Wasu kuma takardar sallama aka miƙa musu, aka ce kuɗi ne suka yanke daga waje. Da yawa ba su san bambancin waɗannan uku ba, alhali haƙƙin da mutum zai nema ya danganta ne da wadda ta same shi a cikinsu.

A ɗaya ɓangaren, ƴan kwangila da shugabannin furoje su ma kuka suke yi. Magini ya bar gini a rabi ya tafi gona, injiniya ya samu inda ya fi albashi a Yamai, mai riƙe da lissafin kuɗi ya ajiye aiki ana saura wata biyu a rufe furoje. Kowane ɓangare yana ganin shi aka cuta. Jihar Tawa wuri ne mai kyau na duba wannan al'amari, domin kusan duk dalilan da ke raba ma'aikaci da aikinsa sun haɗu a nan.

Furoje, kasada da matsala

Furoje aiki ne mai ranar farawa da ranar gamawa, da kuɗin da aka ware masa, da abin da ake son a gani a ƙasa in an kammala: ajujuwa shida, rijiyar burtsatse, gyaran hanya, ko rigakafin yara a garuruwa kaza. Abu uku ne ke ɗaure da juna a cikinsa, wato lokaci, kuɗi da ingancin aiki. Duk ranar da ma'aikacin da ake buƙata ya ɓace, ɗaya daga cikin ukun nan ne zai biya: ko a makara, ko a ƙara kashe kuɗi, ko a yi aikin gaggawa marar ƙwari.

Masu tafiyar da furoje suna rarrabe kasada da matsala. Kasada abu ne da bai faru ba amma yana iya faruwa. Matsala kuwa ta riga ta auku. Ana auna kowace kasada da tambaya biyu: yaya yiwuwar faruwarta take, kuma in ta faru wace irin ɓarna za ta yi? Ana rubuta amsoshin a rajista tun kafin a fara aiki, a sa sunan wanda zai sa ido a kan kowace. Hanyoyin tunkararta ba su wuce huɗu ba. Ana iya kauce mata gaba ɗaya, ana iya rage ta, ana iya ɗora ta a kan wani (kamfanin inshora ko ƙaramin ɗan kwangila), ana kuma iya amincewa da ita a ajiye kuɗin ko-ta-kwana, wanda a ayyukan gini galibi yakan kama daga kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na kasafin. Hanya ta uku, ta ɗora wa wani, ita ce a riƙe a zuciya, don za a sake cin karo da ita a gaba.

Akwai kuma abin da ya sa rashin wani ma'aikaci ya fi na wani ciwo. A kowane aiki akwai jerin matakan da ɗaya ba ya farawa sai na gabansa ya ƙare. Ba a zuba kankare sai an ɗaure ƙarfe, ba a ɗora rufi sai bango ya kai. Leburori biyar na iya fashi a ci gaba da lallaɓawa. Amma in mai ɗaurin ƙarfe guda ɗaya ya kwanta ciwo, magina da leburori da mai injin kwaɓa siminti duk zaman jira za su yi, ana kuma biyan su. Saboda haka ba yawan waɗanda suka tafi ake fara dubawa ba, a'a, inda suke tsaye cikin jerin.

Abin da kalanda ta riga ta faɗa

Mafi yawan abin da ake rubutawa a rahoto da sunan "tafiyar ma'aikata ba zato ba tsammani" a Adar, wato yankin Tawa, ba ba-zata ba ne. Ana iya karanta shi a kalanda tun watan Janairu.

A ɗauki shantiyen makaranta a wani ƙauye tsakanin Illela da Badagishiri, a watan Yuni. Ruwa ya sauka da dare, mai ƙarfi, irin wanda ke jiƙa ƙasa har ya wuce tsawon hannu. Da safe shugaban shantiye ya zo ya tarar da yashi da buhunan siminti a jibge, tankin ruwa cike, amma rabin mutanensa ba su zo ba. Ya buga wa ɗaya waya, amsar ita ce: "Maigida, ka yi haƙuri, ruwan shuka ne. Bari in binne iri, jibi ina nan." Wannan lebura ba lalaci ya yi ba, lissafi ya yi. Danshin shuka kwana biyu zuwa uku yake yi. In ya tsaya ya karɓi kuɗin yinin nan, ya sayar da hatsin shekara guda na gidansa da kuɗin kwana uku. Jibin ma ba lallai ya cika ba, don bayan shuka akwai noman fari, akwai maimai, sannan girbi a wajen Oktoba.

In an gama girbi kuma sai wata ƙofar ta buɗe. Jihar Tawa ta yi suna wajen tafiya bida tun kaka da kakanni: Abijan, Najeriya, Libiya, Aljeriya, kuma tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 wuraren haƙar arewa suka shiga jerin. Wato da damina gona ke ja, da rani bida ke ja. Ɗan kwangilar da ya tsara aikinsa kamar majiya ƙarfin gari za su zauna wata goma sha biyu suna jiran sa, ya tsara ne a kan garin da babu shi.

Akwai darasi a tarihin jihar kanta. Furojen Kaita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da haɗin gwiwar FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya yi aikin farfaɗo da fako da dasa itatuwa da jera duwatsun tare ruwa a lokacin da maza da yawa ke bida. Mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin, ana biyan su da abinci. Ana iya muhawara a kan adalcin irin wannan biya, amma ta fuskar tsari, aikin ya dogara ne ga waɗanda ke nan a gari da rani, shi ya sa bai tsaya ba.

Sauran abubuwan kalanda a bayyane suke. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, wani lokaci ya kusa 45, aikin tsakar rana ya zama hatsari ga mutum, siminti ma ya bushe da wuri ya tsage. Azumi na matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, ana iya sanin inda zai faɗa shekaru kafin ya zo. Zazzaɓin cizon sauro na tsananta daga Agusta zuwa Oktoba, in bai kwantar da ma'aikaci ba ya kwantar da ɗansa. Hutun haihuwa a dokar Nijar mako 14 ne, kuma ciki ba ya zuwa kwatsam. Shugaban da ya rasa madadin ma'aikaciyarsa ranar da ta tafi hutu yana da watanni da bai yi amfani da su ba. Ambaliya ma ta fara zama abin da ake sa rai: ta 2024 ta yanke hanyoyi, ta shafi mutane fiye da miliyan guda, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba.

Albashin da ke makara

Ruwa ba ya tsami banza. Bayan kalanda, babban abin da ke korar ma'aikata daga shantiye shi ne jinkirin biya, kuma wannan daga cikin furojen yake fitowa.

Kuɗin aiki na bin dogon layi. Mai ba da kuɗi ya saki kaso, ma'aikatar da ke da aikin ta duba takardun abin da aka kammala ta sa hannu, babban ɗan kwangila ya karɓa, ya ba ƙaramin ɗan kwangila, shi kuma ya biya magina da leburori. Kowane mataki na iya riƙe takarda mako biyu ko wata. Waɗanda ke sama suna da banki ko ajiya da za su jingina da ita. Na ƙasa kuwa, wanda ake biya a ƙarshen mako, bashi yake ci wurin mai tuwo da mai shago da sunan "ranar Asabar". Asabar ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce, mai tuwo ta rufe littafi. Ranar Litinin ba a gan shi ba. A rahoton wata za a rubuta cewa ma'aikata sun gudu, ba za a rubuta cewa takardar biya ta kwana arba'in a kan tebur ba.

Ga masu ilimin boko matsalar ta ɗauki wata kama. Yawancinsu kwantaragi mai wa'adi suke da shi, na shekara guda ko ƙasa da haka, wanda ke ƙarewa tare da furojen. Duk mai hankali zai fara neman wani wuri tun ana saura wata uku ko huɗu. Sakamakon haka, a zangon ƙarshe ne mutane ke tsiyayewa, daidai lokacin da ake buƙatar su don haɗa rahoto, rufe lissafi da miƙa kaya ga al'umma. Ƙungiyoyi kuma suna zawarcin ma'aikatan juna, domin ƙwararrun da suka iya aikin kuma suka yarda su zauna nesa da babban birni ba su da yawa. Tsakanin Tawa da Yamai akwai fiye da kilomita 500. Wanda iyalinsa ke can, ƙarin albashi kaɗan ya isa ya maida shi gida.

Abin da ke sa irin wannan tafiya ta yi muni shi ne ilimin da ke cikin kan mutum ɗaya. Mai lissafi ya tafi da lambar sirrin kwamfuta da sanin wace takarda ke cikin wane kwali. Ma'aikaciyar wayar da kai ta tafi da abin da ba a rubuta ko'ina ba: wane maigari ne sai an fara gaishe shi kafin a tara mata, wace unguwa ce ba ta shan ruwa rijiya ɗaya da wata, wa aka yi wa alkawarin me. Wanda ya gaje ta zai zo da takardun shaida masu kyau, amma sai ya shafe watanni yana sake gina amanar da ta tafi da ita. Maganin wannan ba shi da tsada: kowane muhimmin gurbi a samu mutum na biyu da ya san aikin, a riƙa rubuta abin da aka yi, a kuma sa mako ɗaya ko biyu na miƙa aiki hannu da hannu. Ba a cika yi ba ne don a lokacin da komai ke tafiya daidai, yana kama da ɓata lokaci.

Girgizar da ta fi ƙarfin shugaban furoje

Akwai kuma abubuwan da da gaske ba wanda zai iya sa musu rana. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi ranar 30 ga wannan wata, ba a ɗage shi ba sai 24 ga Fabrairun 2024. An rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki, kuɗi suka yi wuyar fita a bankuna, masu ba da tallafi da dama suka tsayar da biya. Kamfanin Sin da ke gina madatsar ruwa ta Kandaji ya dakatar da aiki a watan Agustan 2023, ma'aikata ƴan ƙasa suka koma gida. Amurka ta dakatar da shirinta na tallafin raya ƙasa mai suna MCC, wanda a ƙarƙashinsa aka yi gyaran filin noman rani na Ƙonni. A Janairun 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta tsayar da tallafin ƙasashen waje, abin da ya taɓa ayyukan hukumarta ta ba da tallafi, USAID, a ko'ina. A Fabrairun 2025 hukumomin Nijar suka umarci ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ta ƙasa da ƙasa (CICR) ta rufe ofisoshinta. A Maris kuma aka ba wasu shugabanni uku ƴan Sin na kamfanonin man fetur wa'adin barin ƙasa, cikin dalilan da aka bayar har da ratar albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa.

Tsaro ma na nan. Gundumomin Tiliya da Tasara suna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017, kuma harin da aka kai a yankin Tiliya a watan Maris na 2021 ya kashe mutane fiye da 130. Ma'aikacin da ya ƙi zuwa wani wuri saboda tsoron ransa ba a ce masa mai taurin kai ba, furoje kuwa dole ya nemi ɗan yankin da zai iya shiga ya fita.

Ba wanda zai zargi shugaban furoje da rashin hango ranar juyin mulki. Amma ana iya hango nau'in abin ko da ba a san ranarsa ba. Furojen da kuɗinsa ke zuwa daga hannu ɗaya na waje ya san cewa hannun na iya janyewa. Tambayar da ya kamata rajistarsa ta amsa ita ce: in kuɗi suka tsaya gobe, akwai ajiyar da za ta biya albashin da ake bin mu da haƙƙin sallama? Inda aka ware wannan ajiya, rufewa kan zo da zafi amma cikin tsari. Inda ba a ware ba, ma'aikata ne ke zama inshorar furojen ba tare da an tambaye su ba.

Abin da dokar aiki ta tanada

Dokar da ke aiki ita ce mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumban 2012. Ta bambanta yanayin nan uku da aka ambata a farko.

Ƙarewar wa'adi ita ce mafi sauƙi. Kwantaragi mai wa'adi ba ya wuce shekara 2, ana iya sabunta shi sau ɗaya, kuma dole ya kasance a rubuce, in ba na masu aikin yini ba. In ranarsa ta cika ya ƙare da kansa, ba kora ba ce. Amma in mai aiki, wato wanda ya ɗauki ma'aikacin, ya yanke shi kafin lokaci ba tare da babban laifi ko dalilin da ya fi ƙarfin kowa ba, ma'aikaci na da damar neman diyya. Ma'aikacin da ya tsere kafin wa'adi shi ma ana iya bin sa. Kwantaragin da aka ce mai wa'adi ne amma ba a rubuta ba, doka na ɗaukar sa a matsayin marar wa'adi, abin da ƴan kwangila da yawa ba sa sani sai a gaban sufeton aiki, jami'in gwamnati mai sa ido a kan bin dokar aiki.

Dakatarwa ta wucin gadi daban take. Idan matsin tattalin arziki mai tsanani ko wani abu da ya fi ƙarfin kamfani ya hana aiki, ana iya tsayar da shi na ɗan lokaci, a sanar da sufeton aiki. Kwantaragi bai mutu ba, barci yake yi. Doka ta iyakance tsawon wannan dakatarwa, ba a barin mutum a rataye har abada da "sai mun kira ka". In wa'adin ya wuce, ko a dawo da shi ko a sallame shi da haƙƙoƙinsa.

Sallama saboda dalilin tattalin arziki kuma tana da matakai: a zauna da wakilan ma'aikata da sufeton aiki kafin a yanke hukunci, a ba da wa'adin gargaɗi ko kuɗinsa, a biya kuɗin hutun da ba a ci ba da kuɗin sallama ga wanda ya cancanta, a ba da takardar shaidar aiki. Wanda aka sallama ta wannan hanya yana da fifiko in kamfanin ya sake ɗaukar ma'aikata.

Abu uku sun rage da suka shafi shantiye kai tsaye. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30,047 zuwa jikka 42 a wata daga Janairun 2024. Dole mai aiki ya yi wa ma'aikacinsa rajista a CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, inda mai aiki ke zuba kashi 16.4 cikin 100 na albashi, ma'aikaci kashi 5.25, daga nan ake biyan jinyar wanda ya ji rauni a bakin aiki, kuma ana son a kai rahoton hatsarin cikin awa 48. Na uku, idan ƙaramin ɗan kwangila ya kasa biyan mutanen da ya kawo shantiyen babban ɗan kwangila, doka na komawa kan babban. Wato ɗora wa wani kasada ba ya wanke mai aikin gaba ɗaya.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Ƴan kwangila suna da hujja mai ƙarfi. Su ma kwangila mai wa'adi suke da ita. Ba za su iya ɗaukar mutum aikin dindindin a kan aikin wata takwas ba. Ana cin su tara kan kowace ranar da suka makara, alhali wanda ya makara wajen biyan su ba kasafai yake biyan komai ba. Suna kuma cewa in ka kashe kuɗi ka horar da yaro, ranar da ya ƙware ranar zai tafi. Wasu leburorin ma da kansu ba sa son rajistar CNSS, sun fi son a ba su kuɗinsu cif a hannu.

Ma'aikata da ƴan ƙwadago suna kallon abin ta ɗaya gefen. A ganinsu gajeren kwantaragi da aikin jinga da jerin ƙananan ƴan kwangila duk hanyoyi ne na gangaro da kasada daga sama zuwa kan wanda ba shi da ajiya. Ba a yi wa mutum alkawarin wata mai zuwa ba, me zai sa shi ya yi alkawarin zama?

Masu ba da kuɗi kuma suna da ƙa'idojinsu. Sukan so mafi yawan kuɗin ya tafi kan abin da ake gani da ido, su matse kason ma'aikata da na gudanarwa. Dalilinsu shi ne tsoron almubazzaranci, kuma tsoron ba na banza ba ne. Sai dai mataimaki na biyu, horarwa da ajiyar sallama duk a cikin wannan kason da aka matse suke.

Hukumomi a nasu ɓangaren suna matsa lamba a ba ƴan ƙasa guraben da baƙi ke riƙe da su. Doka ma dama ta ce kwantaragin baƙo sai da amincewar hukumar samar da aikin yi ta ANPE, kuma ana neman baƙo ne inda aka rasa ƙwarewar a gida. Masu goyon baya na cewa an daɗe ana ajiye ƴan ƙasa a matsayin mataimaka har su tsufa. Masu taka-tsantsan na cewa in baƙo ya tafi cikin kwana biyu ba a miƙa aiki ba, injin ne zai tsaya. Duka maganganun biyu suna nuni ga gibi ɗaya: magajin da ya kamata a ce an horar tun shekarun baya.

In aka auna hujjojin, kowane ɓangare ya faɗi gaskiya game da matsin da yake ciki. Abin da lissafin ƴan kwangila kan manta shi ne cewa kasadar da aka tura ƙasa ba ta ɓacewa. Tana dawowa da siffar shantiye marar mutane.

In abin ya riga ya faru

Shugaban da ya wayi gari ya rasa mutane yana da zaɓi kaɗan, kowane da farashinsa. Abin da zuciya ke fara kawowa shi ne a kwaso sababbi da yawa. Wannan na aiki wajen haƙa rami ko ɗaukar yashi. A aikin da ke buƙatar ƙwarewa kuwa yakan ƙara jinkiri da farko, don tsofaffin da suka rage ne za su bar nasu aikin su koya wa baƙin. Ana iya ƙara wa waɗanda suka rage awoyi, amma makon aiki a doka awa 40 ne, abin da ya haura yana da ƙarin kuɗi, gajiya kuma ita ce ƙofar hatsari da kuskure. Ana iya sake jera aikin, a ja abin da ba ya buƙatar wanda ya tafi zuwa gaba. Ana kuma iya zuwa wurin mai aikin da wuri a nemi ƙarin wa'adi a rubuce, ko a rage girman aikin. Wannan ta ƙarshe ita ce mafi arha sau da yawa, ita ce kuma aka fi jinkirtawa, saboda ba mai son ya kai labari marar daɗi. Ƙarin wa'adin da aka nema tun a watan Yuni da hujja a hannu ya fi samun karɓuwa a kan wanda aka nema ana saura mako guda.

Ga misalin lissafi. A ce kwangilar miliyan 60 ce, tarar jinkiri kuma kashi ɗaya cikin dubu a kowace rana, wato jikka 60. Makarar kwana 30 ta ci miliyan 1 da jikka 800. Ƙara wa ma'aikata goma jikka ɗaya-ɗaya a rana na tsawon wannan wata bai wuce jikka 300 ba. Sau da yawa riƙe mutum ya fi maye gurbinsa sauƙi nesa ba kusa ba. Amma lissafin na da iyaka: ƙarin jikka ba zai hana manomi zuwa shuka ba. A nan abin da ke aiki shi ne a amince da tafiyar tun farko, a sa kwanakin shuka cikin jadawali, a gama aikin da ke cin hannaye da yawa kafin Yuni, a kuma yi yarjejeniya da mutane a kan ranar dawowa.

Abin da ke isa ga talaka

Jinkirin furoje ba a ofis yake ƙarewa ba. Ajin da ba a gama ba yana nufin yara za su sake shekara a rumfar zana, kuma ƙasar nan ta ga abin da hakan ke iya jawowa: gobarar unguwar Pays-Bas a Yamai a watan Afrilun 2021 ta kashe yara aƙalla 20, ta Maraɗi a Nuwamban wannan shekara ta kashe fiye da haka. Rijiyar da ta makara tana nufin wani ranin na jan guga da tafiya mai nisa ga mata da ƴan mata. Ginin da aka ƙarasa da gaggawa da hannun da bai ƙware ba, tsagewarsa sai bayan an yi bikin buɗewa take fitowa. Rufe furoje kuma na taɓa waɗanda ba su taɓa sa hannu a kwantaragi ba: mai gidan haya, mai abinci, mai gadi, mai kabu-kabu.

Alamu na nuna cewa a shekaru masu zuwa ƙarin ayyuka za su koma hannun kamfanoni da ma'aikata na gida, da kuɗin da ba su kai na da ba. Wannan dama ce ga matasan da ke fitowa daga Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da cibiyoyin koyon sana'a, da waɗanda asusun FAFPA ke tallafa wa horonsu. Sai dai ƙananan kamfanoni sun fi manya rashin ajiya, don haka jinkirin biya ɗaya zai fi saurin isa aljihun lebura.

Ga wanda ke aiki a furoje yanzu, abubuwan da za su tsaya masa ranar rikici takardu ne: kwafin kwantaragi, takardun albashi na kowane wata, lambar CNSS tare da tabbatar da cewa ana zuba kuɗin da gaske, da takardar shaidar aiki in an rabu. Mai aikin yini da ba shi da ko ɗaya daga ciki yana iya riƙe ɗan littafin da yake rubuta kwanakin da ya yi da abin da aka ba shi, da shaidu cikin abokan aiki, domin doka ta yarda a tabbatar da alaƙar aiki ta kowace hanya. In an samu saɓani, ofishin sufeton aiki na jiha ne matakin farko, inda ake ƙoƙarin sulhu kafin a kai ga kotun ma'aikata. Bashin albashi yana da wa'adin nema a doka. Wanda ya tafi bida da niyyar bin haƙƙinsa in ya dawo bayan shekaru yana iya tarar da wa'adin ya wuce.